Tsallen Ƙafa Mai Lafiya

Salamu alaikum mutanen kirki, har da masu leƙe su wuce ba su ce komai ba. Kafin na fara ina da roƙo guda ɗaya: duk wadda hannunta ke ƙaiƙayin rubuta min "ki yi haƙuri ki bar wa Allah", don Allah ta daure ta kai ƙarshe tukuna. Shekara bakwai ina jin wannan maganar. Na ji ta a bakin tsofaffi, na ji ta a bakin ƙawaye, har mai kantin layinmu ya faɗa min. Yau dai a bar ni na amayar da abin da ke cikina.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, ni ce auta a gidanmu. Mu biyu Umma ta haifa, daga Yaya sai ni, Abbanmu kuwa shekara biyar ke nan da rasuwarsa. Ina ajin ƙarshe a karatun gashin ƙashi, kuma raunin 'yan wasa na zaɓa na ƙware a kai. Wata uku da suka wuce makaranta ta tura ni koyon aiki a ɗakin gashi na wani babban kulob ɗin ƙwallon ƙafa, a ƙarƙashin wata mata da kowa ke kira Malama. Gajeriya ce, tabarau a rataye a wuya, ba ta dariya kafin azahar. Da idona na ga ƙaton mai tsaron gida, wanda kansa ke taɓa saman ƙofa, yana raɓewa a bayan firjin ƙanƙara don ya ji takunta.

Ɗakin ba wani babba ba ne. Gadaje uku masu shuɗiyar leda, kekunan motsa jiki biyu, ɗaya yana kuka in an taka shi, robobin ja kala-kala a rataye jikin ƙusa, sai madubi da ya cinye bango guda. Warin man zafi da zufa kuwa, in ya kama miki kaya sai kin wanke sau biyu. A ƙasa an manna wani farin tef daga bango zuwa bango, an rubuta lambobi a jikinsa da baƙin alƙalami. Ku riƙe wannan tef ɗin a ranku, don a kansa komai ya faru.

A gida ba a son aikin nan. Umma takan ce, "Duk karatun duniyar nan ki rasa wanda za ki yi sai na matsa ƙafafun ƙarti." Anti, ƙanwar Umma da ta dawo gidanmu da zama bara, nata ya fi zafi: "Wane namijin ne zai kwashe ki, kullum kina dawowa kina warin man zafi kamar tsohuwa mai ciwon baya?" Na yi bayani har bakina ya gaji, cewa safar hannu nake sawa, Malama na wurin, labule a buɗe. Sai su taɓe baki. Yaya kaɗai ne bai taɓa cewa uffan ba, don shi ya san abin da ya kai ni.

Yayana ɗan ƙwallo ne, ko in ce ya taɓa zama. Shi ne mai riga lamba goma a ƙaramin kulob ɗinsu, in ya ɗauki ƙwallo har masu tallan ruwa tsayawa suke yi su kalla. Yana da aboki guda da ba sa rabuwa. A gidanmu yake ci, a doguwar kujerar falonmu yake baccin rana, Umma ta sha haɗa safarsa da ta Yaya ta wanke. Wuri ɗaya suke bugawa a fili, don haka muddin Yaya na da lafiya, shi a benci yake wuni.

Sai jijiyar gwiwar Yaya ta tsinke. Aka yi masa aiki, ya shiga gashi, wata bakwai yana fama. Ana cikin haka aka ce masu neman 'yan wasa daga wani babban kulob za su zo kallon wasansu, kuma ba za a bar Yaya ya buga ba sai ya ci gwajin tsalle. Bari na yi muku bayaninsa, ba wuya gare shi ba. Mutum zai tsaya da ƙafa ɗaya a bakin layi, hannu a ƙugu, ya yi tsalle gaba iya ƙarfinsa, ya sauka a kan ƙafar nan ba tare da tangaɗi ba, a auna. Ya yi da mai lafiya, ya yi da mai ciwo. In mai ciwon ta kai kashi casa'in cikin ɗari na mai lafiyar, an sallame shi. In ba ta kai ba, ya koma kan keke.

Ta Yaya ba ta kai ba, kuma ya sani. Sai abokin nan ya zo falonmu wata yamma, ya ture teburin tsakiya gefe, ya ce, "Kai ma dai da wauta kake. Wa ya ce sai ka ƙara wa mai ciwo? Mai lafiyar za ka rage wa. Ka ɓata fuska kamar ka ƙure ƙarfinka, ka sauka kusa. Lissafi kawai suke yi, ba su san cikinka ba." Ina wurin, shekarata goma sha huɗu. Akwai abin da na tsallake a nan, zan dawo kansa in na samu ƙarfin hali.

Yaya ya ci gwajin. Ranar wasan, minti na ashirin da uku, ba wanda ya taɓa shi, juyawa kawai ya yi da ƙwallo, gwiwar ta tafi. Ina zaune kusa da Abba a layi na biyu, kuma har yau in aka karya busasshen ice kusa da ni sai tsigar jikina ta tashi. Aka ɗauke shi aka fita da shi, aka sa abokin. Ya ci biyu. Mutanen suka tafi da shi, aka ba shi riga mai lambar Yaya, tun daga ranar duniya ke kiransa Goma. Yaya kuwa aiki biyu aka sake yi masa. Yanzu jan ƙafar yake yi, yana gyaran waya a wani ɗan shago da ko miƙe ta ba ya iya yi a ciki. Goma bai zo asibiti ba, bai kira ba, ko ta'aziyyar Abba bai aiko ba. Daga baya muka tashi daga unguwar.

Wata shida kafin a tura mu koyon aiki, ina wanke-wanke na ji a rediyo cewa jijiyar gwiwar Goma ta tsinke. Ta dama, irin ta Yaya sak. Allah ya yafe min, ranar har ƙarin abinci na yi. Da aka raba mana fom mu rubuta inda muke so a tura mu, kada ma ku tambaye ni sunan kulob ɗin da na rubuta a layi na ɗaya da na biyu da na uku.

Ranar da na fara zuwa na tarar da Goma yana kwance a gadon tsakiya, ƙanƙara a gwiwa, waya a hannu. Ya yi jiki, ya tara gemu, amma wannan ɗan gibin na haƙoransa yana nan. Na gyara takunkumin fuskata.

"A'a, sabuwar likita aka kawo mana?" ya ce.

"Ɗaliba ce," in ji Malama, "kuma ba hira aka kawo ta yi ba. Ɗaga ƙafar."

Bai gane ni ba. Ina zai gane ni? Ya bar wata 'yar siririya mai yawo da littafin makaranta, yanzu ga mace da tabarau da takunkumi a fuska. A ɗakin kowa Ɗaliba yake ce min, shi kaɗai ya maƙale wa Likita.

A makon farkon nan Malama ta ce na koyi riƙe tef. "Sa shi ya yi miki tsalle da mai lafiyar kawai. Kar ki kuskura ki bar shi ya gwada mai ciwon." Tana faɗa aka kira ta fili, wani ya bugu a kai. Shi kuwa gogan, ganin mace na kallo, sai ya zage ya nuna bajinta. Santimita ɗari da casa'in, sau uku a jere, yana sauka yana ɗaga min gira. Na rubuta a littafin aikina na makaranta, wanda nake kai wa malamanmu su duba. Ba a fayil ɗinsa ba, don koyo nake yi, ba gwaji ba ne. Shi ya manta da ranar, ni ma na ɗauka na manta.

Daga nan aka shiga aiki. Ni ke ɗaura masa roba a idon sawu ina ƙirga masa ja, ni ke tsayawa a gaban madubi ina cewa, "Gwiwarka tana shigewa ciki, fito da ita." Ni ke auna kaurin cinyarsa duk Litinin. Kuma ku ji ni da kyau, ban taɓa ha'intarsa a aikin ba. Hannuna yana yi masa abin da ya dace, zuciyata tana tsine masa. Ban san lokacin da ya samu lambata ba, sai dai na ga saƙo.

"Likita, gwiwata ta ce in gaishe ki."

Na bar shi awa uku kafin na amsa. "Ka ce mata ta sha ƙanƙara minti ashirin."

"Ta ce ita ba ƙanƙara take so ba, muryarki take son ji."

"To ka ce mata ba a ba ni wannan a jadawali ba."

Haka muka yi ta yi. In ya turo goma na mayar da ɗaya, in ya kira na ce ina karatu. Ya aiko min da turare na ba wa mai shara, ya aiko da fararen takalman gudu, daidai ƙafata, na tura su ƙarƙashin gado da kwalinsu. Ni a lokacin ban ma san me nake shirin yi da shi ba, na dai san ina so ya saki jiki da ni. Sau ɗaya ya ba ni labarin yadda ya faɗi a banɗaki da sandunansa, na yi dariyar gaske har da hawaye. Ranar na kasa haɗa ido da Yaya.

Anti ce ta fara ganowa. Na bar waya a kan firji, saƙo ya shigo da hotonsa.

"Ke! Wannan ba shi nake gani a talabijin ba?" Ta dafe ƙirji. Ita lokacin abin Yaya tana can gidan aurenta mai nisa, ba ta san fuskar ba. "Au, arziki na binki kina ɓoyewa? Bari Yaya ta dawo."

Yayar da take nufi Ummata ce. Na riƙe mata hannu. "Anti, don girman Allah ki bari na gama koyon aikin nan. In aka ji a wurin aiki korata za a yi."

"Sati biyu na ba ki. Na gaji da amsa tambayar mutane a kanki." Ta ƙara leƙa wayar, bakinta na motsi. Sai daga baya na gane lambar take haddacewa.

Ran Alhamis ɗin da ta wuce dillalin Goma ya zo da labari: wani kulob na ƙasar waje yana so ya je gwaji ƙarshen wata, amma sai da takardar sallama mai sa hannun Malama. Malama ta sa ranar Litinin don gwajin tsalle, ta ce na fara gwada shi tun a ranar Alhamis ɗin mu ga inda yake. Tana can ƙarshen ɗaki tana naɗe wa wani idon sawu, ni na durƙusa a gefen tef. Ya tsaya da ta hagu, mai lafiyar. Ya ɓata fuska, ya yi wani nishi, ya tashi, ya sauka.

Ɗari da sittin.

Jama'a, nan take na gane. Wannan ɓata fuskar na san ta kamar yadda na san fuskar Ummata. Ya yi da mai ciwon, ɗari da arba'in da takwas, gwiwar na rawa tana shigewa ciki. Na lissafa a raina: a kan ɗari da sittin, ya haura casa'in, ya ci. A kan ɗari da casa'in na gaskiya, ko tamanin bai kai ba. Na ɗago, ya ɗauke kai.

Ina cikin motar haya saƙonsa ya shigo.

"Likita, na ga kin yi shiru yau."

"Gajiya ce."

"Na san kin gane, idonki ya faɗa min. Ki rufa min asiri, irin damar nan sau ɗaya take zuwa. In na sa hannu, kafin na tafi zan turo manyana gidanku. Wallahi da gaske nake."

Na rubuta masa, "Ni ban ga komai ba." Har da 'yar jar zuciya na haɗa masa, karo na farko.

Ku gane abin da Allah ya ɗora min a tafin hannu. Ba sai na zuba masa komai a ruwa ba, ba sai na murɗe masa ƙafa ba. Cinyar nan har yanzu ta gaza 'yar uwarta da santimita biyu, gwiwar ba za ta yi rabin awa a fili ba. Dabararsa, ƙafarsa, zaɓinsa. Ni shiru kawai zan yi, na zauna a falonmu na jira labari a rediyo. Kwana uku ina yawo a gida ina 'yan waƙe-waƙe, har Umma ta tambaye ni ko sakamako ne ya fito.

Ran Lahadi bayan la'asar ina yi wa Yaya gashi kamar kullum. Ya miƙe ƙafar a kan cinyata, na ɗora tawul mai ɗumi. Gwiwar Yaya tabo uku ne a jikinta, ba ta lanƙwasuwa sosai, in na motsa ta sai ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Auta, kwana biyu sai murmushi kike ke kaɗai. Ko na yi suruki ne?"

Daga kicin Anti ta yi wani tarin da ba na mura ba.

"Yaya," na ce, "in ka ga wanda ya cuce ka zai faɗa rami, za ka yi masa magana?"

"Ya danganta da zurfin ramin. Matsa nan ƙasa, nan ke min tsami."

Litinin na tashi da wuri. Na goge farar rigar aiki har sai da ta yi ƙyalli, na sa baƙin wando da ɗan hijabi ruwan toka, na zizara kwalli. Sannan na durƙusa na jawo kwalin nan daga ƙarƙashin gado, na sa fararen takalmansa. Yana ganinsu a ƙafata ya washe baki har gibin ya fito.

Ɗakin ya cika. Koci na tsaye da usur a wuya, dillali cikin kwat yana zufa, waya biyu a hannu. Malama ta sa tabarau ta buɗe fayil, ni na durƙusa a wurina. Ya yi da mai lafiya sau uku, mafi nisa ɗari da sittin. Ya yi da mai ciwo sau uku, mafi nisa ɗari da arba'in da takwas. Ni na faɗi lambobin da bakina, muryata ko rawa ba ta yi ba. Malama ta danna lissafi a waya.

"Casa'in da biyu," ta ce. Dillali ya sauke ajiyar zuciya. Ta cire murfin biro, sannan ta yi tambayar da take yi wa kowane ɗalibi kafin ta sa hannu a kan komai. "Ɗaliba, ke kika fi kowa zama da gwiwar nan. Akwai abin da kika lura da shi?"

Na buɗe baki zan ce babu. Sai na hango shi ta madubi, yana bayan Malama. Ya ɗora yatsa a kan leɓensa, ya kashe min ido ɗaya.

Yanzu bari na koma kan abin da na tsallake. Ranar da ya ture teburin falonmu, ba kallo kawai na yi ba. Ni suka aika na ɗauko tef ɗin ɗinkin Umma, ni na durƙusa a kan kafet ina auna wa Yaya, ina faɗin lamba, har ya iya sauka inda ake so. Muna cikin yi Umma ta dawo daga kasuwa, ta ce, "Me kuke yi haka kuka hargitsa min falo?" Ni ta kalla, don ta san ba na mata ƙarya. Shi kuma yana bayanta, ya ɗora yatsa a leɓe, ya kashe min ido. Na ce, "Wasa muke yi, Umma." Da yamma ya sayo min cakulan. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai ku.

To ga shi yau, yatsan nan dai, idon nan dai. Shekara bakwai, mutumin nan bai ma canza salo ba. Wani abu ya sa na fasa cewa babun. Kada ku ce tausayi ne, wallahi ko ɗigo babu. Abin da na ji shi ne, sau biyu ke nan yana sayen shiruna, da cakulan da takalmi, kuma yana da tabbacin zai samu. Sannan in gwiwar ta fashe a wata ƙasa, a rediyo zan ji. Ni kuwa fuskarsa nake so na gani.

"Akwai, Malama."

Na miƙe na ɗauko littafina daga jaka, na buɗe shafi na huɗu, na karanta kwanan wata. "Ƙafar hagu, mai lafiya. Ɗari da casa'in, sau uku. Ranar da aka kira ki fili ne."

Malama ta karɓi littafin, ta duba, ta sake danna waya.

"Saba'in da takwas," ta ce. Ta juya ta kalle shi ta saman tabarau. "Koma kan layi. Da mai lafiyar. In ka sauka ƙasa da ɗari da tamanin, zan rubuta cewa ita ma ta samu matsala, mu tura ka hoto, kulob ɗin can su ji cewa gwiwa biyu gare ka marasa lafiya. Zaɓi."

Ya yi tsuru-tsuru. Ya kalli koci, koci ya kalli silin. Ya koma kan layi, ya yi tsalle. Ɗari da tamanin da bakwai. Malama ta mayar da murfin biro.

"Wata uku, in ka yi abin da aka ce."

"Malama, ba za su jira wata uku ba!" in ji dillali. "Akwai wani yaron a layi!"

"To su ɗauke shi."

Dillali ya fita yana danna waya, koci ya bi bayansa. Goma ya zauna a bakin gado, ya zuba min ido, idon ya kaɗa ya yi ja.

"Me na yi miki?" ya ce, murya can ƙasa. "Aurenki fa zan yi. Me na yi miki?"

Na sauke takunkumin, na cire tabarau. "Falo mai kafet ruwan ƙasa. Ka ture teburin tsakiya. Ka ce lissafi kawai suke yi, ba su san cikinka ba. Ka tuna wadda ta riƙe muku tef?"

Na ga lokacin da abin ya isa kansa. Bakinsa ya buɗe, fuskarsa ta canza.

"Auta?"

"Yayana bai aiko ni ba, ni na aiko kaina."

Na sunkuya na kwance igiyar takalman, na ajiye su a kan tef ɗin, daidai ɗari da arba'in da takwas. Daɗin da na ji a wannan minti ɗin ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin irinsa ba. Na zura silifas ɗin banɗaki zan fita, Malama ta tare ni a ƙofa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Alhamis."

"Kwana huɗu, kuma sai da na cire murfin biro." Ta daɗe tana kallona. "A ɗakin nan ba mu da maƙiyi, gwiwa kawai muke da ita. Gobe ƙarfe takwas ki same ni a ofis da littafinki."

Ko a jikina. Da silifas ɗin banɗaki na shiga mota, ina jin kaina kamar wadda aka sauke wa buhu. Na samu Yaya a falo ya dawo daga shago, ya ɗora ƙafar a kan teburin tsakiya yana shan shayi. Na zauna a ƙasa kusa da shi na kwashe komai na faɗa masa, tun daga fom har takalmi. Ina yi ina dariya, ina kwaikwayon fuskar Goma. Ina jira ya ce Allah ya yi miki albarka, ko ya yi dariyar da rabona da ji tun ina sakandare.

Bai yi ba. Ya ajiye kofin, ya shafa tabon gwiwarsa da babban yatsa.

"Wata uku aka ce masa?"

"Wata uku. Gwajin ya wuce shi, Yaya. Na rama maka."

"Bayan wata ukun zai yi gudu?"

"Zai yi mana, in ya..."

"Auta," ya ce a hankali, "ƙafarsa kika ba shi." Ya yi ɗan murmushi, ba ni yake kallo ba. "Da ma ni ma ranar an samu wanda ya tona min asiri haka."

Ba da nufi ya faɗa ba, na san Yayana. Amma maganar ta soke ni. Duk daɗin nan ya zube, na kifa kai a jikin kujera na fashe da kukan da ban yi ba ko ranar da aka fito da shi daga ɗakin tiyata.

"Ni ce na riƙe tef ɗin, Yaya. Umma ta tambaye ni na ce wasa ne."

"Na sani, ai ina wurin." Ya ɗora hannu a kaina. "Shekararki sha huɗu. Ni da na yi tsallen fa, shekarata nawa?"

Wayata ta yi ƙara a kan kafet. Anti ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, fuska duk fara'a, ba ta san komai ba. "Ko baƙon namu ne? Tun jiya na kira shi na yi masa kwatancen gidan, na ga ke nauyin baki gare ki."

Na ɗauki wayar, saƙon Goma ne.

"Ina ƙofar gidanku. Ba wajenki na zo ba."

Yaya ya karɓa ya karanta, ya daɗe yana kallon rubutun. Na yunƙura zan tashi, ya danne min kafaɗa. Ya sauke ƙafar daga kan tebur da hannu biyu, ya dafa kujera ya miƙe.

"Zauna," ya ce. "Wannan ƙofar ni zan buɗe ta."

Na zauna a wurin ina jin ƙafar tana jan ƙasa, taku ɗaya bayan ɗaya, har ya kai bakin ƙofa ya zare sakata.